Shafin WHO, PubMed, Google ko zauren WhatsApp: ina ma'aikacin lafiyar al'umma zai nemi amsa?

Da safe ka buɗe firij ɗin ajiye alluran rigakafi, ka duba ma'aunin sanyi, sai ka ga cikin dare ya faɗi ƙasa da sifili, alhali tsakanin digiri 2 zuwa 8 ya kamata ya tsaya. A ciki akwai kwalaben rigakafin ƙyanda, da na ciwon hanta, da na tetanus. Iyaye sun fara taruwa a waje da jarirai. Ka kira shugabanka sau uku bai ɗaga ba. Abin da ya rage maka shi ne wayar da ke hannunka da 'yar datar da ke cikinta. Ina za ka fara dannawa?

Wani zai rubuta tambayar a Google. Wani zai ɗauki hoton ma'aunin ya tura zauren abokan aiki. Wani zai buɗe kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ya sauke tun bara. Wanda ya ɗan yi karatu mai zurfi zai tuna da PubMed, rumbun neman maƙalun binciken lafiya, ɗan zamani kuwa ya tambayi ChatGPT. Dukansu za su sami amsa, amma ba duk amsoshin ne za su hana a yi wa jariri allurar da ta riga ta lalace ba.

Na rubuta wannan ne domin mai sa ido kan cututtuka, da jami'ar rigakafi, da mai wayar da kan jama'a, da duk wanda ke tunanin ko ya biya kuɗin wata manhaja, ko ya zauna ya koyi PubMed, ko ya ci gaba da dogara da zaurensu. Zan riƙa dawowa kan firij ɗin nan, domin da tambaya ta gaske ake gane amfanin kowace hanya.

Abin da zan auna da shi

Na farko, wa ke bayan maganar? Ba tambarin da ke saman takarda nake nufi ba, kowa na iya liƙa tambari. Ina nufin a iya bin sawun bayanin har zuwa ga hukuma ko masanan da suka sa hannu, kuma in sun yi kuskure akwai wanda zai tuhume su.

Na biyu shi ne ƙarko, kuma a nan na fi so a tsaya. Bayanin lafiya yana tsufa kamar yadda magani ke tsufa, sai dai ba a buga masa ranar lalacewa a jiki. Shekara da shekaru ana koyar da cewa mai juna biyu ta je awo sau huɗu. A 2016 WHO ta mayar da shi aƙalla sau takwas. Ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, an rage masa gishiri da gulukos a 2002, sannan a 2004 WHO da UNICEF suka ƙara da ba yara zink na kwana 10 zuwa 14. Masu ɗauke da HIV, da ana jira sai garkuwar jikinsu ta sauka zuwa wani mataki kafin a fara musu magani, daga 2015 aka ce a fara wa kowa da zarar an gano. Tsofaffin takardun da ke ɗauke da tsohuwar ƙa'ida duk suna nan a intanet, ba wanda ya share su, kuma da yawansu na gaske ne, da tambarinsu na gaske. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a wannan fage ba. Ƙarko yana da wata fuska kuma: idan sabis ya ɗauke, bayanin yana nan a wayarka ko ya tafi tare da sabis ɗin?

Na uku, kuɗi. Kuɗin rajista ɗaya ne daga ciki. Akwai data, akwai kuma lokaci, wanda shi ne mafi tsada ga mutumin da layi ke jiransa.

Na huɗu, sauƙi: ya buɗu a ƙaramar waya, harshensa ya fahimtu, a kai ga amsa cikin minti biyar.

Na biyar, haɗari. In bayanin ya zama kuskure, mutum nawa zai shafa? Likita a ɗakin duba marasa lafiya yana yanke hukunci kan mutum guda. Ma'aikacin lafiyar al'umma kuwa, kuskurensa kan shiga takardar horaswa, ya shiga bakin masu shela, ya zaga gidaje ɗari kafin a farga. A ƙarƙashin haɗari nake sa sirrin marasa lafiya ma.

Kundin ma'aikatar lafiya ta ƙasarka da na WHO

Waɗannan biyun na haɗa su wuri guda saboda tare suke tafiya. WHO, wadda aka kafa a 1948, tana fitar da ƙa'idoji ga duniya baki ɗaya. Kowace ƙasa kuma tana ɗauka ta daidaita da cututtukanta da magungunan da take iya samarwa. Idan suka saɓa, na ƙasarka ne dokar aikinka, da shi za a yi maka hisabi. Na WHO zai nuna maka inda aka dosa da dalilin dosawar.

Wajen amana babu wanda ya kama ƙafarsu. Ƙa'idojin WHO na zamani ana gina su ne da wani tsari mai suna GRADE, inda ake bayyana ƙarfin hujjar kowace shawara, a kuma rarrabe shawara mai ƙarfi da wadda ta dogara da yanayin wuri. Mutane da yawa na tsallake wannan layin, alhali shi ke gaya maka ko kana da damar yin la'akari da halin da kake ciki. Kuɗi kuwa babu. Rumbun takardun hukumar, IRIS, a buɗe yake ga kowa, kuma yawancin manyan kundaye akwai su a harsuna fiye da ɗaya daga cikin shida na hukumar: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci.

Amsar firij ɗinmu tana nan, ƙarara. Rigakafin ƙyanda gari ne busasshe, daskarewa ba ta ɓata shi, kodayake ruwan da ake haɗa shi da shi ba a son ya daskare. Na ciwon hanta da na tetanus da allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar suna ɗauke da sinadarin alminiyam, kuma daskarewa na lalata su har abada, ko sun narke sun koma kamar lafiya lau. Kundin ya koyar da gwajin girgizawa: a ɗauki kwalba guda daga rukunin da ake zargi a daskarar da ita da gangan, a bar ta ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su gefe da gefe a gaban haske. Idan wadda ake zargin ta kwanta da sauri kamar daskararriyar, ko ta fi ta sauri, to an yi asararta. Da yake gwajin na ɗaukar sa'o'i, abin yi a safiyar shi ne a ware kwalaben, a rubuta musu alama, kada a taɓa su.

Matsalarsu biyu ce. Ta farko nauyi: kundi guda kan kai shafi ɗari biyu ko uku, kuma binciken da ke cikin shafin WHO ba ya saurin kai mutum inda yake so. Ta biyu, tsoho da sabo suna zaune a rumbu ɗaya. Ni kaina na taɓa shirya takardar horaswa daga wani kundi na gaske da na sauke, na tsaya gaban ma'aikata ina cewa awo huɗu, sai wata ungozoma ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, ai an mayar da shi takwas." Da ba ta yi magana ba, da mutum talatin sun koma wuraren aikinsu da tsohon zance a bakinsu. Tun daga ranar shafi na biyu nake fara dubawa, inda shekarar bugu take, sannan in bincika ko akwai wanda ya maye gurbinsa. Hukumar ma ta san da matsalar, shi ya sa tun 2021 ta tattara ƙa'idojin maleriya a wuri guda a intanet tana sabunta su a kai a kai. Shafukan ma'aikatun ƙasashe kuwa sun bambanta ƙwarai, wasu tsaf, wasu sai ka tarar kundin da ake aiki da shi a ƙasa bai ma hau shafin ba.

PubMed, Cochrane da Hinari

PubMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ne. An buɗe shi kyauta ga jama'a a 1997, kuma yau yana ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35. Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne, PubMed jerin sunaye ne da taƙaitaccen bayani, ba cikakkun maƙalu ba. Wasu za ka same su kyauta a PubMed Central, wanda aka fara a 2000. Wasu kuwa za ka danna sai mawallafi ya nemi daloli masu yawa kan maƙala guda.

Idan ka kawo tambayar firij nan, za ka sami bincike kan yadda sanyi ke ɓata alluran da ke da alminiyam, da wanda ya gwada ingancin gwajin girgizawa. Ilimi ne mai kyau. Amma za ka ci minti arba'in, kuma ba zai ce maka "yi kaza" ba. PubMed ba wurin gaggawa ba ne.

Inda yake haskakawa daban ne. A ce an ba ka ɗan kasafi, ana muhawara ko tura wa iyaye saƙon tunatarwa ta waya zai ƙara yawan masu kawo yara rigakafi. Wannan tambaya ce ta "shin yana aiki?", kuma gidanta Cochrane. Ƙungiyar, wadda aka kafa a 1993 aka sa mata sunan Archie Cochrane, aikinta shi ne tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya guda, ta auna ingancinsu, ta fitar da hukunci ɗaya. Tana da irin wannan bita kan tunatar da mutane rigakafi, kuma ta nuna tunatarwar na ƙara zuwa. Sai dai mai karatu da idon basira zai lura cewa mafi yawan binciken a Amurka aka yi su, don haka dole ya tambayi kansa ko iyayen da yake hulɗa da su suna da waya, suna karanta saƙo, kuma lambar ba ta canzawa. Kowace bita tana zuwa da taƙaitawa cikin harshe mai sauƙi, kyauta. Ga wanda lokacinsa kaɗan ne, wannan taƙaitawar ta fi masa maƙala goma.

Haɗarin wannan hanya shi ne maƙala guda ɗaya. Mutum ya ci karo da bincike mai ban sha'awa, ya ɗauka an gama magana. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin MMR, mai haɗe da na ƙyanda da wasu cututtuka biyu, da cutar galahanga, wato autism. Sai 2010 aka janye ta, bayan ta riga ta tsorata iyaye a ƙasashe da dama. A watan Mayun 2020 mujallar ta sake buga wata kan maganin hydroxychloroquine da COVID-19 bisa alƙaluman kamfanin Surgisphere, aka janye ta cikin makonni biyu da aka kasa tabbatar da alƙaluman. In babbar mujalla irin wannan za ta iya tuntuɓe, ina ga mujallun da ke buga duk abin da aka biya su? PubMed yana liƙa gargaɗi a kan maƙalar da aka janye, amma kwafin da ke yawo a wayoyin mutane ba ya ɗauke da gargaɗin. Akwai kuma rumbuna irin medRxiv, da aka buɗe a 2019, inda masu bincike ke ajiye aikinsu kafin wasu masana su tantance. Suna da amfani ga mai bincike. Ba a gina saƙon jama'a a kansu.

Batun kuɗi yana da mafita da mutane da yawa ba su sani ba. Bayan WHO ta ƙulla yarjejeniya da manyan mawallafa shida, a 2002 aka buɗe Hinari, shirin ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun lafiya, da mujallu kusan 1,500, yanzu kuma yana ƙarƙashin babban shirin Research4Life da dubban mujallu da littattafai. Cibiyoyi ne ke rajista, ba ɗaiɗaikun mutane ba: asibitocin koyarwa, makarantun aikin lafiya, ofisoshin gwamnati, cibiyoyin bincike. An kasa ƙasashen rukuni biyu gwargwadon ƙarfinsu: na rukunin A kyauta suke shiga, na rukunin B cibiya na biyan dala 1,500 a shekara. Kafin ka ciro ko sisi, tambayi mai kula da ɗakin karatu na wurin aikinka ko makarantar da ka gama. Sau da yawa rajistar tana nan, kalmar sirrin ce ke kwance a aljihun teburin wani. In hakan bai yiwu ba, manhajar Unpaywall na nemo halattaccen kwafi na kyauta in akwai, kuma rubuta wa marubucin maƙala kai tsaye yana aiki fiye da yadda ake zato.

Sauƙi ne raunin PubMed. Sai da Ingilishi, sai an koyi zaɓen kalmomi, sai an san amfani da MeSH, wato jerin kalmomin da aka rarraba maƙalun da su. Amma abu uku kawai na rage wahalar da rabi: tace sakamako ya nuna bitar da ta tattara bincike, ya nuna na shekaru biyar na baya-bayan nan, ya nuna wanda cikakkensa ke kyauta.

Manhajojin da aka tace don mai aiki

UpToDate, wanda Burton Rose ya kafa a 1992 kuma yanzu yake hannun Wolters Kluwer, da BMJ Best Practice, da DynaMed, duk abu ɗaya suke sayarwa: masana sun karanta maƙalun a madadinka, sun rubuta abin yi, suna sabuntawa. Wajen ƙarko da sauƙi suna da kyau matuƙa, kowane shafi na nuna ranar da aka duba shi. Kuɗin mutum guda kan kai ɗaruruwan daloli a shekara. Shirin Better Evidence yana ba da rajistar UpToDate kyauta ga ma'aikatan da ke aiki a wuraren da ke da ƙarancin kayan aiki, ga wanda ya nema ya cika sharuɗɗa.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ga ma'aikacin lafiyar al'umma zalla, biyan wannan kuɗi daga aljihu ba shi ne farkon abin yi ba. An rubuta su ne don likitan da ke gaban maras lafiya guda, a asibitin da ke da na'urori da magunguna iri-iri. Za su ba ka bayani mai zurfi kan jinyar mai kwalara, amma yadda za a kafa sansanin jinya, a tsara ruwa da makewayi, a lissafa kayan da za a buƙata, ba fanninsu ba ne.

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne kundayen ƙungiyar likitoci ta MSF. Kyauta ne, suna da manhajar da ke aiki ba tare da sabis ba bayan an sauke, kuma an rubuta su ne don wurin da babu komai sai abin da ke hannu. Akwai na jinya, na muhimman magunguna, na tunkarar annobar kwalara da na ƙyanda. Sai dai ka tuna ƙa'idar ƙungiya ce, ba ta ƙasarka ba. Medscape ma kyauta ne da rajista, yana da amfani wajen duba magungunan da ba a haɗawa, amma akwai tallace-tallace a cikinsa.

Google da 'yan uwansa

Gaskiya ita ce kusan kowa daga nan yake farawa, har da masu kushe shi. Ba shi da kuɗi sai data, ba ya buƙatar koyo, yana gane tambaya ko an rubuta ta a karkace. Laifinsa shi ne ba ya jera sakamako bisa gaskiya ko sabunta. Talla na iya zama a sama, shafin mai sayar da magani na iya riga na hukuma, kuma yana tuna abin da ka saba dannawa.

Amma Google ƙofa ce mai kyau idan ka gaya masa gidan da kake so. Rubuta tambayarka ka ƙara site:who.int, zai nemo maka daga shafin WHO kaɗai, kuma ya fi binciken cikin shafin sauri. Ƙara filetype:pdf, zai kawo kundaye zalla. Da wannan dabarar tambayar firij ba za ta wuce minti uku ba. Ka sa adireshin ma'aikatar lafiyarku a wurin na WHO, ka sami na gida.

Google Scholar, da aka fara a 2004, ya fi PubMed faɗi, yana kamo kundayen kammala karatu da rahotanni. Faɗin nan ne kuma rauninsa, don ba ya tace mujallun bogi, kuma yana fifita maƙalar da aka fi ambato, wadda galibi ita ce tsohuwa. Yawan ambato ba shaidar inganci ba ne, maƙalar Wakefield ma an ambace ta ba adadi. Wikipedia tana da amfani don fahimtar kalmar da ba ka sani ba da kuma bin majiyoyin da ke ƙasan shafi, kuma da manhajar Kiwix ana iya sauke sashen lafiyarta a karanta babu sabis. Idan ka ga shafi na tinƙaho da tambarin HONcode, shaidar amincin shafukan lafiya, ka sani an daina ba da wannan shaida tun ƙarshen 2022.

Zauren abokan aiki

Ba zan raina zaure ba, domin yana da abin da babu a kowane kundi. A nan ne za ka ji cewa wani rukunin magani ya ƙare a rumbun ajiya, ko an canza fom ɗin rahoto, ko cibiyar da ke makwabtaka da ku ta ga yara uku da ƙuraje a mako guda. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya shekara ashirin yana rigakafi zai iya amsa tambayar firij cikin daƙiƙa talatin.

Haka ma wanda bai sani ba zai amsa cikin daƙiƙa talatin, da irin wannan ƙarfin gwiwar. Saƙon da aka turo daga wani zaure ba shi da uba, ba shi da kwanan wata. WhatsApp da kansa ya ga illar haka, ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, sannan a 2020 ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Abin da ya fi damuna shi ne hotuna. An sha tura hoton katin maras lafiya da sunansa, ko fuskar yaro mai ƙuraje, zuwa zauren mutum ɗari biyu, da kyakkyawar niyya. Daga nan babu mai iya dawo da shi. Zauren da ke da amfani shi ne wanda ya kafa doka biyu: duk wanda ya kawo magana ya kawo inda ya samo ta, kuma babu suna babu fuska.

Ga mai sa ido kan ɓarkewar cuta akwai tsararren nau'in wannan zaure. ProMED, da aka fara a 1994, yana tattara rahotannin farko masana su tace. A ranar 30 ga Disamba 2019 ya fitar da labarin wata cutar huhu da ba a san dalilinta ba a Wuhan, sanarwar WHO a shafinta na labaran ɓarkewar cututtuka ta biyo baya ranar 5 ga Janairu 2020. Na farko ya fi sauri, na biyu ya fi tabbaci, mai sa ido na buƙatar duka biyun.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 wannan hanya ta shigo da ƙarfi. Sauƙinta ya wuce na kowa, tana amsawa kamar abokin hira, akwai ta kyauta akwai ta biya. Tambayar firij ma mai yiwuwa ta amsa daidai. Matsalar ita ce muryarta ɗaya ce ko ta yi daidai ko ta kauce, kuma takan ƙirƙiro sunan maƙala da marubuta da shekara waɗanda babu su. Tana iya kawo tsohuwar ƙa'ida, ko ta wata ƙasa. Inda na ga amfaninta shi ne ka ba ta sakin layi daga kundin da ka amince da shi ta sauƙaƙa maka, ko ta ba ka kalmomin Ingilishi da za ka bincika da su a PubMed. Adadin magani da jadawalin allura sai an koma kundi an gani da ido. Bayanin maras lafiya kuwa kada ya shiga cikinta.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kundin ƙasa da na WHO | Kyauta | Shekaru, ana saukewa | Matsakaici | Ɗaukar tsohon bugu |
| PubMed da Cochrane | Bincike kyauta, wasu maƙalu da kuɗi | Sai an duba shekara | Sai an koya | Dogaro da maƙala guda |
| UpToDate da irinsa | Tsada, sai in an samu tallafi | Ana sabuntawa | Sauƙi | Rashin dacewa da wurin aiki |
| Kundayen MSF | Kyauta | Suna aiki babu sabis | Sauƙi | Saɓawa da ƙa'idar ƙasa |
| Google | Data kawai | Tsoho da sabo a haɗe | Sauƙi ƙwarai | Talla da shafukan bogi |
| Zauren abokan aiki | Data kawai | Saƙo na nutsewa | Sauƙi ƙwarai | Jita-jita, tonon sirri |
| Ƙirƙirarriyar basira | Kyauta ko biya | Ba tabbas | Sauƙi ƙwarai | Ƙirƙirar majiya |

Wa ya dace da me

Idan kana aiki a ƙaramar cibiya ko kana shiga gidaje, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kada ka kashe kuɗi. Ranar da ka sami intanet mai ƙarfi, sauke kundin rigakafi na ƙasarku, da na kula da yara marasa lafiya, da na maleriya ko duk cutar da ta fi damun yankinku, ka ƙara da manhajar MSF. Sa wa kowane fayil shekararsa a cikin sunansa. Duk wata shida ka duba ko an fitar da sabo, ka goge tsohon gaba ɗaya, kada ka bar su tare.

Mai sa ido kan cututtuka yana buƙatar ma'anar kowace cuta kamar yadda ƙasarsa ta tsara, a wayarsa, da sanarwar WHO da ProMED don ganin abin da ke tahowa, da zaure mai doka don jin abin da ke faruwa kusa. Labarin zaure ƙararrawa ce da za ta sa ya tashi ya je ya gani, ba a shigar da shi rahoto sai an tabbatar.

Mai tsara shiri ko rubuta neman tallafi, shi ne ya kamata ya ba PubMed da Cochrane makonni ya koye su da kyau, ya kuma bi diddigin rajistar Hinari a cibiyarsa. Haka ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, wanda zai ƙara da Google Scholar amma ya duba kowace mujalla ko tana cikin PubMed ko DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, kafin ya jingina da ita.

Wanda ke haɗa aikin al'umma da duba marasa lafiya kullum, shi ne UpToDate ko BMJ Best Practice za su biya wa buƙata. Ya fara neman na tallafi ko na wurin aikinsa kafin ya taɓa albashinsa.

Mai wayar da kai, wanda maganarsa za ta fita ta rediyo ko lasifika, shi ne ya fi kowa buƙatar tsanani. Ya yi amfani da zaure da shafukan sada zumunta don jin jita-jitar da ke yawo, domin ita zai amsa. Ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira in yana so don sassauta harshe. Amma kowace jimla da ke ɗauke da adadi, ko shekarun yaro, ko sunan magani, ya ɗora yatsa a kanta cikin kundin ƙasa na bana kafin ya miƙa wa mai shela.